Wayar da ke Cikin Langa

Mun tashi da asuba ranar Talatar makon jiya, ni da ƙanwar maigidana, daga Birnin Kudu zuwa Kano. Da yawanku a shafin nan kun yi ta cigiyata, kuna cewa kwana biyu ba ku ga girkina ba, ba ku ga addu'ar safen da na saba sakawa ba. To ga inda na shiga. Na so in rubuto tun ranar da muka dawo, amma duk sanda na ɗauki wayar sai rubutun ya dushe min.

Waɗanda muka daɗe tare sun san Allah ya karɓi 'yata ta fari bayan ƙaramar salla, wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Ba zan faɗi sunanta ba. Ko tana raye ban taɓa kiran sa da bakina ba, kun san yadda muke da ɗan fari. Ta bar yarinya ɗaya da ba ta cika shekara uku ba, takwarata, muna ce mata Ummi, tana hannuna. Tafiyar ta kwaso kayan ɗakin marigayiya ce, a haɗa a raba gado. Sai dai akwai wani saƙo a bakina wanda ya fi kayan nauyi.

Ga yadda aka yi. Kwanakin baya zazzaɓi ya kama Ummi da hantsi, har ta fara jijjiga. Muna hanyar asibiti ina ta kiran ubanta, waya ba ta shiga. Maigidana Alhaji ya kira da tasa, haka. Sai bayan la'asar, an riga an yi mata allura ta samu barci, sannan ya kira. Bai ce komai ba ban da "ku yi haƙuri." Kuma ba ranar ce farau ba. Tun rasuwar ba a cika samun sa da rana ba. Washegari ya zo, Alhaji ya amsa gaisuwarsa a tsaye a zaure. Daren da zan taho kuwa Alhaji ya ce min, "Ki kwaso kayan. Ki gaya masa yarinya tana da masu ita. Ya daina kira, ya daina zuwa. In ta girma ta neme shi da ƙafarta." Alhaji ba mugu ba ne, ku shaide ni. Mutum ne da aka ɗauke wa 'ya, bai samu wurin da zai yi kuka ba. Amma ni na san abin da maganar take nufi. Yarinyar da ta rasa uwa za ta rasa uba, kuma da bakina.

A tasha muka tarar kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani. Abokiyar tafiyata ta tambayi direba ko har da karin kumallo a ciki, ya ce, "Hajiya, je ki tambayi masu gidan mai." Aka cusa mu huɗu a baya, wata mata mai kaji biyu a kwando ta samu gefen taga. Ruwa ya kwana yana sauka, gari ya waye da sanyi mai daɗi. Daga Birnin Kudu har Takai ko'ina kore shar, gero ya fitar da kai, dawa ta fi mutum tsawo, manoma sun duƙa tun rana ba ta fito ba. Na lura a cikin motar nan ni da mai kaji kaɗai muke kallon waje. Kowa ya sunkuyar da kai a waya. Wani saurayi a gaba ya ƙure murya yana kallon wasan barkwanci, yana dariya shi kaɗai, har abokiyar tafiyata ta taɓo kafaɗarsa ta ce, "Ɗana, ko ka rage, ko ka ɗaga mu gani tare." Ya rage. Ba a jima ba ita ma ta zaro tata.

Ni kuwa carbi ne a hannuna, amma ba tasbihi nake ba. Saƙon Alhaji nake juyawa, ina neman yadda zan faɗe shi ba tare da ya yanka ba. Ban samu ba.

A Wudil kogi ya cika har ya shanye tsibiran yashin da ake gani da rani. Muna tsayawa masu talla suka yanyame motar, mai soyayyen kifi, mai gasasshiyar masara, mai dafaffiyar gyaɗa. Muka sayi gyaɗa, ƙullin ya ƙanƙance kamar an yi wa yaro. Na kasa ci. Marigayiya tana son dafaffiyar gyaɗa, duk zuwan da zan yi da damina sai na saya mata a daidai wurin nan. Na riƙe ƙullin a cinyata har Mariri.

Daga Mariri zuwa Hotoro tafiyar ta koma ta hawainiya, manyan motoci sun tare gefe guda, 'yan adaidaita sahu suna kutsawa ta duk inda suka ga haske. Muka sauka a Unguwa Uku muka tari adaidaita. Direban ɗan wajen Sumaila ne, na gane daga maganarsa, ya ce da rani yake zama a birni amma bana kuɗin taki ya hana shi komawa gona. Da muka hau titin Zariya na san abin da ke gabana. Katangar babban asibitin koyarwa ce, doguwa, ba ta ƙarewa. Ɗalibai da fararen riguna suna tsallaka titi, ma'aikatan jinya suna sauri, a bakin ƙofa ga masu sayar da tabarmi da butoci da filas da ayaba, duk abin da mai jinya yake nema. A nan na sayi tabarmar da na kwana a kai lokacin da marigayiya take kwance a ciki, a nan na bar ta. Abokiyar tafiyata ta ɗora hannu a gwiwata ta ce wa direban, "Malam, ɗan ƙara wuta."

Gidan yana wani layi a Gyaɗi-Gyaɗi, gidan haya ne, maƙwabtan yawanci ɗaliban asibiti ne da ma'aikata. Ruwa ya cika kwata ya malalo, an jera bulo ana takawa. Abban Ummi ya buɗe mana. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe mu, ya tambayi Alhaji, ya tambayi jikin Ummi, idonsa a kan tabarma. Ya kawo mana waina da miyar taushe da ya saya a maƙwabta. Sannan ya ce, "Umma, ku yi min izini, akwai aikin da zan miƙa kafin la'asar. Ɗakin a buɗe yake, komai yana inda ta bar shi." Ya shige ɗan ƙaramin ɗakin da ke kusa da falo ya turo ƙofa.

Abokiyar tafiyata ta bi ƙofar da harara. "Kin gani ko? Surukai sun zo daga wata jiha, shi yana kwamfuta."

Aikinsa rubuta manhaja ne, abin da yaran yanzu suke ce wa kodin. Wani kamfani a Legas yake yi wa, daga gida. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, ina hango shi. Tebur ya fuskanci bango, an saki labule, allon kwamfutar baƙi ne da layuka masu launi kamar jerin tururuwa. Ya sa wani babban abin toshe kunne. Ba waya a kusa da shi. A falo ma an zare wayar talabijin, an lulluɓe ta da zani. Na tuna wani zuwa da na yi lokacin wankan jegon Ummi, na tambayi marigayiya me ya sa take tafiya a hankali in za ta wuce ƙofar nan. Ta yi dariya ta ce, "Umma, aikinsa kamar talge ne. In aka ɗaga hannu sai ya yi gudaji." Ta ce abubuwa da yawa yake riƙewa a ka lokaci guda, ƙarar saƙo ɗaya ta isa ta zubar masa da su, sai ya koma farko.

Muka shiga ɗakinta. 'Yan uwa, ƙamshi ba ya mutuwa. Turaren wutar da na haɗa mata da hannuna shi ya tare ni a bakin ƙofa. Gado a gyare, hijabinta na salla a rataye, takalminta a jere. Muka fara da kwanuka da tangaran da na tara mata tun tana aji uku a sakandare. Muna naɗewa da tsofaffin zannuwa muna jerawa a kwali. A ƙasan sif na ci karo da jakar haihuwa, 'yan riguna a ninke, ba a taɓa sa su ba. Na zauna a bakin gado na yi ta innalillahi har numfashina ya dawo.

Rana ta kusa take tsaka na jawo durowar madubi. A ciki, naɗe a ɗankwali, ga ƙaramar wayarta mai madannai, wadda take riƙewa in tana kicin. Abin da ya ba ni mamaki, a kunne take, caji a cike. Na ce bari in kashe in saka a jaka. Ban ɗauko tabarau ba. Maimakon jan madanni sai na danna kore, na ga ba ta mutu ba na sake dannawa.

Sai wata waya ta ɗauki ƙara a kicin.

Kafin in gane abin da na yi na ji kujera ta faɗi, ƙofa ta bugu da bango. Na fito da sauri. Abban Ummi ne, abin kunnen yana lilo a wuyansa, ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Ya miƙa hannu saman firij ya sauko da wata langa mai fure, cikin waɗanda na yi mata jere da su, ya buɗe murfin. Wayarsa ce a ciki tana haske. Ina tsaye a bayansa na ga abin da ke kan allon. Sunanta ne. Sunan da ban taɓa kira ba, ga shi yana kira.

Ya tsaya yana kallo. Wallahi na ga fuskar mutumin da ya manta, na ɗan ƙiftawar ido, cewa an binne ta. Sannan ya juyo ya ga ƙaramar wayar a hannuna, ashe lambarsa ce ta ƙarshe da aka kira da ita. Ya sulale ya zauna a ƙasan kicin, langar a cinyarsa, ya rufe fuska da hannun riga. Ban taɓa ganin kukan suruki ba. Ban san inda zan sa idona ba.

"Ka yafe min," na ce. "Kashewa zan yi."

Ya girgiza kai. Da ƙarar ta tsaya sai ya miƙo min wayarsa da hannu biyu. Allon ya koma toka-toka, babu komai a kai sai hoton kwaɗon ƙofa da rubutu layi biyu. Abokiyar tafiyata ce ta karanta a fili, don ita idonta ya fi nawa:

"Abban Ummi, ajiye wayar nan ka koma kan aikinka. In da wani abu, ni zan kira ka."

Tana gamawa ta kawar da kai.

A nan ƙasan kicin ya yi mana bayanin da kunya ta hana shi yi tun rasuwar. Ya ce farkon aurensu waya ta kusa raba shi da aikinsa. Zai ɗauka ya duba saƙo ɗaya, sai ya ɗago ya ji ana kiran azahar. Ya gwada kashewa, ya gwada ɓoyewa, duk shi yake komawa ya ɗauko. Sai ya saka wata manhaja mai toshe komai, kira da saƙo da bidiyo da guruf-guruf, daga safe har la'asar. Amma tunda shi ya san lambar sirrin, sai ya riƙa buɗewa. Ranar nan marigayiya ta ce ya kawo wayar. Ta juya masa baya ta sa lambar da ita kaɗai ta sani, ta rubuta wancan saƙon, ta bar layi ɗaya tak da zai iya shiga, nata. Kullum da safe ita take karɓar wayar ta sa a langa. Duk mai neman sa da rana ita yake kira, ita take tace wanda ya isa a taso shi.

Sai a lokacin na tuna. Ai ni ma ban taɓa kiran sa kai tsaye ba sai bayan ba ta.

"Ba ta gaya maka lambar ba?" in ji abokiyar tafiyata.

"Na sha roƙon ta, Gwaggo. Sai ta ce ranar da na yi hankali." Ya ɗan yi murmushi, hawaye na zuba. Ya ce ya gwada ranar haihuwar Ummi, ya gwada ranar ɗaurin aure, ba ko ɗaya. Ya ɗago ya dube ni a karon farko. "Umma, ko kuna da wata lamba da kuke zaton za ta sa?"

Na laluba kaina kaf ban samu ba. Na goya ta, na yaye ta, na aurar da ita, amma ban san lambar da 'yata za ta zaɓa ba. Kunyar ɗan fari ta sa ban taɓa zama na yi doguwar hira da ita ba. In ta kira sai in ce, "Lafiya dai ko? To ga ƙanwarki." Ina ganin kamar akwai lokaci.

Ya ce hanya ɗaya ta rage, a kai wayar kasuwar waya a goge komai, ta dawo kamar sabuwa. Rubutun nan zai tafi. Bayan zaman makoki ya taɓa cire layinsa ya sa a wata waya da abokinsa ya ara masa. Ya yi kwanaki ba ya komai sai karanta ta'aziyya da sauraron tsofaffin saƙonninta na murya, aiki ya tsaya cak, har mai gidansa a wurin aiki ya yi masa gargaɗin ƙarshe. Sai ya mayar da layin, ya koma sa wayar a langa da hannunsa kowace safiya. Ƙaramar wayarta kuma yana yi mata caji, yana sa mata kati, don kada a rufe layin a sayar wa wani.

"Har yanzu ita take riƙe da ni a aikin nan, Umma. Da shi nake ciyar da Ummi."

"To ai sai ka sayi wata ƙarama ka ba mu lamba," in ji abokiyar tafiyata, tana share ido da gefen mayafi.

"Na yi tunanin haka. Sai in ga kamar na haura katangar da ta gina." Ya sunkuyar da kai. "Na san ba hujja ba ce. Tun ranar da Ummi ta yi ciwo na je kasuwar, na tsaya a bakin shago na dawo. Amma Baba Alhaji ya fi ni gaskiya da ya yi fushi da ni. Yau in na miƙa aikin zan kai a goge."

Baƙin ciki ba ya bin hankali, wannan na sani, don ni ma har yau ban wanke zanin da na rufa a asibiti ba. Na dubi langar, na dubi 'yar wayar da ke tafin hannuna. Yarinyar nan ta toshe duniya gaba ɗaya ta bar ƙofa ɗaya, kuma ga makullin Allah ya sa a hannuna ba tare da na nema ba.

Na ce, "Ba za a goge ba."

Ya ɗago.

"Wannan wayar kayan gado ce, ba zan ɗauka haka kawai ba. In an zo rabo a yi mata kuɗi a sa a cikin kasona. Zan tafi da ita. In da wani abu, ni zan kira ka." Na ƙara da cewa, "Amma ranar da Allah ya ba ka wata matar, kuma ina roƙon ya ba ka ta gari, ka kai a goge. Ni zan fara sa albarka."

Ya yi ta gyaɗa kai. Na ce ya tashi ya wanke fuska ya koma bakin aikinsa, kada talgen ya yi gudaji. Ya dube ni da sauri, ya gane inda na samo maganar.

Da muka koma ɗaki na ce wa abokiyar tafiyata, "Saƙon Alhaji fa?" Ta ci gaba da naɗe faranti ba ta kalle ni ba. "Ni dai ban ji Yaya ya ba da wani saƙo ba. Ƙila kunnena ne."

Ana kiran la'asar wayar ta buɗe da kanta a cikin langa, ta hau ɓari, saƙonni na shigowa kamar an kwance awaki. Ya fito ya ce ya miƙa aikin, an karɓa. Ya tare mana adaidaita zuwa Tarauni, gidan gwaggonsa, inda za mu kwana, ya zauna a gaba gefen direba. Muka bi ta kasuwar waya ta Farm Centre. Ban taɓa ganin waya da yawa haka ba, a gilashi, a faranti, a hannun yara masu bin mota suna cewa, "Hajiya, saye ko gyara?" Ga hayaniyar janareto, kowane shago da irin kiɗansa. Na ga ya kawar da kai har muka wuce.

Can gaba ya yi wa direban magana a hankali, sai aka rage gudu. Katangar maƙabartar Tarauni ce. A nan 'yata take kwance. Mu mata ba ma shiga, ranar jana'iza ma daga gida na yi sallama da ita, ban taɓa sanin wurin ba. Ta saman katanga ina hango bishiyoyi da ciyawar da ruwa ya tayar. Na yi wa mazauna wurin sallama, na roƙa musu rahama. Direban ma ya kashe rediyonsa ba wanda ya sa shi. Sai da muka wuce na ga ashe ƙullin gyaɗar Wudil yana cikin jakata har yanzu. Na miƙa wa direban na ce sadaka ce.

Gwaggonsa tsohuwar malamar firamare ce, ta karɓe mu hannu biyu da tuwon shinkafa da miyar kuka da ta ji man shanu. Da safe muka leƙa kasuwar Tarauni. Tumatir ya yi tsadar da sai an yi bismilla kafin a tambaya, amma alayyafo da kuɓewa sun yi araha. Na saya wa Ummi takalmin roba mai ƙara in ana tafiya. Abban Ummi ya samo akori-kura aka loda kayan, ya ƙara da buhun shinkafa da katan ɗin madara na yarinya. Abu ɗaya na bari, langar nan mai fure. Na ce ita ma a sa ta a kasonsa.

Mun iso gida bayan azahar, ruwa ya raka mu tun daga Darki. Ummi ta rugo ta rungume ƙafata. Da Alhaji ya ci abinci na zauna na gaya masa komai, ban rage ba, har da cewa ban isar da saƙonsa ba, in laifi ne ya yafe min. Ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, "Ita ta rubuta hakan?" Na ce ita ce. Ya ce, "Halinta ne. Haka take ɗauke min rediyo in an kawo abinci." Ya tashi ya ɗauki buta alhali lokacin salla bai yi ba.

Washegari da hantsi ina shara ya leƙo daga zaure. "Ina wayar nan? Gwada mu gani ko tana shiga."

Na sa tabarau a wannan karon. Na danna koren sau biyu da sanina. Ba a jima ba aka ɗauka, amma ba a yi magana ba, numfashi kawai nake ji. Na san abin da yake kallo a allonsa. Na kara wa Ummi a kunne na ce ta gaida Abba. Ta ce, "Abba, na yi sabon takalmi," ta hau tsalle don ya ji ƙarar. Ina jiyo shi daga nesa yana dariya, irin dariyar da ke haɗe da kuka. Alhaji ya miƙo hannu ya karɓa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ya aiki? To madalla. In ka samu sarari ranar Juma'a ka zo ka ga 'yarka. Koma bakin aikinka."

Da yamma Abban Ummi ya kira ni ya yi godiya. Na tambaye shi ko zai canja sunan da ke fitowa, ya mayar da shi nawa, don kada gabansa ya riƙa faɗuwa. Ya ce, "A bar shi, Umma."

Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai yawa ba ne. Na je da hukunci a bakina a kan mutumin da ban tambaya ba. Na ɗauka wanda ba a samu a waya ya yar da mutane ne, ashe wani yana can ya rufe ƙofa ne don ya riƙe abin da zai ciyar da su. Na kuma ga cewa 'yata, wadda nake yi wa kallon yarinya, ta fahimci abin da ni da nake yini a shafin nan ban fahimta ba. Ba kowa ne ya kamata ya same ka a kowane lokaci ba, amma dole a bar ƙofa ɗaya, a kuma san wanda aka ba wa. Shi ya sa za ku ga na rage zama a nan. Tsakanin magariba da isha babbar wayata tana cikin kwano a kicin, ni da Ummi muna kan tabarma ina koya mata Fatiha. Ƙannen marigayiya kuma yanzu in sun kira ba na cewa "lafiya dai ko" in ajiye. Ina zama in saurara.

Ƙaramar wayar tana ƙarƙashin matashina. Ina yi mata caji, ina sa mata kati. Ban sake kiran sa da rana ba tun ranar, don ba abin da ya faru, kuma ina roƙon Allah kada ya faru. Ku sa 'yata a addu'a. Allah ya haskaka kabarinta, ya raya abin da ta bari, ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.